Abu Faisal da Gardamar Gwarzon Shekara

Ina tsaye a shagona na Bab Makka da almakashi a hannu, zan yanka wa wani mutumin unguwar Sharafiyya yadin tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, sai wayata ta yi ƙara. Faisal ne, ɗan aminina. Bai tsaya gaisuwa ba, shi da ba ya fara magana da ni sai ya tambayi gida da aiki. Ya ce, "Ammu Sani, Abuya ya cika." Daga nan Hausar ta ƙwace masa, ya koma Larabci, yana gaya mini cewa bayan la'asar za a yi salla. Na ajiye almakashin. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na maimaita, sannan na lalubi kujera na zauna. Mai yadin ya dube ni, ya naɗe kayansa da kansa, ya yi mini ta'aziyya tun bai san wanda ya rasu ba. Kafin in ja ƙofar shago labari ya gama layinmu. Mai shayin da ke daura da ni ya kashe wutarsa da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ya yi ba in ba azumi ba.

Sunansa na yanka Idris, amma in ka shiga unguwar Nuzla kana neman Idris sai an sha wuya kafin a gane wanda kake nufi. Abu Faisal kowa ya sani. A nan Jidda aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, ya ratsa Sudan yana noma yana gaba, ya ƙetare teku ya sauke farali, bai koma ba. Ni kuwa tela ne, mutumin Katsina. Na zo da ƙuruciyata a kan takardar wani kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, na tsufa a bayan keken ɗinki. Ya girme ni, ya fi ni sanin gari, shi ɗan ƙasa, ni mai iƙama, takardar izinin zaman baƙo. Babu abin da ya kamata ya haɗa mu sai gaisuwar hanya. Gardama ce ta haɗa mu, kuma ban yi aboki kamarsa a ƙasar nan ba.

Ranar farko tob ya kawo in rage masa tsawo. Rediyo na kunne, ana maganar wanda za a ba kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya a shekarar. Ban ko ɗago kai ba na ce ai magana ta ƙare, wanda ya fi kowa zura ƙwallo a raga shi ne gwarzo. Sai na ji an ja benci. Baƙon nan ya zauna, ya ɗora tob ɗin a cinya, ya ce da Hausarsa mai nauyin Larabci, "Ya Tela, in tambaye ka. Ranar layya, wa ya fi wahala da rago, wanda ya sa wuƙa ko wanda ya shekara yana kiwonsa?" Na ce mai kiwo mana. Ya ce, "Tayyib. To me ya sa kullum mai wuƙa kuke ɗauka hoto?" Ba mu tashi ba sai da aka kira azahar. Tob ɗin ma ya manta bai ba ni ba, ya koma da shi gida yadda ya zo da shi.

Tun daga ranar bencin gaban mai shayi ya zama majalisarsa. Yakan zo da hantsi, ya gaida kowa da sunansa, ya tambayi mara lafiya, ya tambayi wanda takardarsa ta maƙale, sannan ya karɓi shayinsa ya ce, "Yalla, wa ke da magana?" Masu sayar da yadi, direbobi, 'yan Sudan, sababbin zuwa daga Kano da Damagaram, kowa da gwaninsa. Shi kuwa matsayinsa ɗaya ne, bai taɓa ɓoye shi ba. Yana ganin masu jefa ƙuri'ar gwarzon shekara idonsu a bakin raga kawai yake. Ɗan baya da ya hana a ci, ɗan tsakiya da ya ƙwace ƙwallo ya miƙa wa wani ya tafi ya yi suna, gola da ya kwana da ciwon kafaɗa, duk ba a ganinsu. Haka kuma bai yarda a ba mutum kyauta don ƙungiyarsa ta ɗauki kofi ba. Yakan ce, "Kofi na taro ne, kyauta ta mutum ɗaya ce. Kada a yaba wa mutum don maƙwabtansa sun iya aiki." In gardama ta yi zafi sai ya ɗaga hannu ya kawo ma'auninsa, wanda yaran Nuzla duk sun haddace: "Ku cire shi daga cikin ƙungiyar. Me ya rage?"

Abin da ya bambanta shi da sauran masu gardamar ƙwallo a garin nan shi ne besbol, wasan nan na Amurkawa da ake jefa ƙaramar ƙwallo ana dukanta da sanda. Shekaru masu yawa yana tuƙa motar 'yan makaranta a wani rukunin gidajen Turawa da ke arewacin gari, kuma cikin aikinsa har da kai yaran filin wasansu. Sauran direbobi sukan kwanta a mota su jira. Shi sai ya jingina da waya yana kallo, yana tambayar yara dokoki, har wasan ya shige shi. Da tasoshin tauraron ɗan'adam suka yawaita, sai ya zama in ya dawo daga sallar asuba ya kunna, ya tarar can ƙasarsu ba su gama ba, ya kalli abinsa kafin karin kumallo. Da hantsi ya zo ya same mu da labarin wasan da babu wanda ya gani, kuma babu wanda ya fahimta.

Duk da haka sai da ya sa muka yi ra'ayi a kai. Ya koya mana cewa akwai mai jifa, akwai mai duka, akwai kuma wani bawan Allah da ke tsugune a bayan mai duka tun daga farkon wasa har ƙarshe, yana cafe ƙwallo, yana gaya wa mai jifa irin jifan da zai yi da alamar yatsu. Wannan na tsugunen shi ne mutumin Abu Faisal. Yakan ce, "Shi ke tunani, wani ke karɓar tafi." Bai yarda a sa waɗanda aka kama da shan maganin ƙara ƙarfi cikin zauren da suke girmama manyan 'yan wasansu ba, ko nawa suka buga. Ya kuma daɗe yana rantsuwa cewa mai jifa bai cancanci kyautar gwarzo ba, tunda ba kullum yake fita ba, sai ya huta kwanaki, alhali wasu na fita kowace rana. A kan wannan ne na ga wani hali nasa da ba na mantawa. Da aka sami wani ɗan wasa da ya haɗa biyun, yana jifa yana kuma duka, kuma duka biyun ya fi tsara, sai Abu Faisal ya zo majalisa bai zauna ba. Ya tsaya ya ce, "Jama'a, maganata ta shekara da shekaru, yau wani yaro ya karya ta. Halas. A ba shi." Wani direba ya fara yi masa dariya. Ya dube shi ya ce, "In hujja ta kayar da kai, tashi ka karkaɗe riga. Kunya tana ga wanda ya kwanta yana cewa bai faɗi ba."

Mutum na iya faɗin ra'ayi a kan 'yan wasan da ke wata duniya, bai rasa komai ba. Ranar da ra'ayin Abu Faisal ya zo ya tsaya masa a ƙofar gida, ina wurin.

Akwai gasar unguwanni da samarinmu ke yi ranar Juma'a bayan la'asar, a wani fili mai tsakuwa a bayan Nuzla. Ƙungiyoyin sun rabu yadda mu ma muka rabu: haifaffun Jidda da nasu, Hausawan Sudan da nasu, sababbin zuwa da nasu. A ƙarshen kowace kaka dattawa kaɗan ke zama su zaɓi gwarzo, ni da shi muna ciki. Shekara da shekaru kyautar ba ta fita daga hannun haifaffun gari, har 'yan Sudan suka fara cewa in an sake haka za su janye su yi tasu gasar, sababbin zuwa kuma suka ce za su bi su. A wannan kakar Faisal, ɗansa na fari, shi ya fi kowa cin ƙwallo, kuma ƙungiyarsa ce ta ɗauki kofi. A can ƙasan jeri kuwa akwai ƙungiyar 'yan Sudan, wadda babu mai kirki a cikinta sai golansu, wani dogon saurayi mai suna Adam, mai aikin lodi a kasuwar kayan lambu. Duk Juma'a ruwan ƙwallo ake yi masa, yana faɗuwa a kan tsakuwa yana tashi, gwiwoyinsa duk sun sale.

Muka zauna a farfajiyar masallaci. Kowa ya ɗauka zaman na shan shayi ne kawai. Ni na fara cewa Faisal, saura suka bi, wani ma har ya miƙa wa Abu Faisal hannu yana cewa mabruk. Bai karɓi hannun ba. Ku sani, duk da cewa gari na kiransa da sunan ɗansa irin na Larabawa, shi kansa kunyar ɗan fari irin ta kakanninsa ba ta sake shi ba. Ban taɓa jin ya ambaci sunan ba, sai dai ya ce "yaron nan". Ranar ya ambata. Ya ce, "Faisal ɗana ne. Tun da nake kallon ƙwallo a Nuzla ban ga mai ƙafa irin tasa ba, kuma in ya ci ƙwallo ni kaɗai na san abin da ke faruwa a ƙirjina. Amma ku cire shi daga ƙungiyarsa, za su ɗauki kofin nan duk da haka, sai dai da wahala. Ku cire Adam, ƙungiyarsa ba za ta kai ƙarshen kaka ba, kunya za ta kore su daga fili. Shekara nawa ina faɗa muku wannan a kan 'ya'yan wasu? In na canza yau don abin ya zo kan nawa, to duk abin da na faɗa a Bab Makka surutu ne."

Wani dattijo ya ce, "Ya Abu Faisal, ka san gidan da za ka koma kuwa?" Ya ce, "Na sani. Zan ci tuwo ni kaɗai na ɗan lokaci." Ɗaya bayan ɗaya dattawan suka koma bayansa. Ni kaɗai na tsaya a kan Faisal, kuma da muka fito sai Abu Faisal ya dafa kafaɗata ya ce ya gode, ko ba komai yaron ya sami ƙuri'a ɗaya daga mai ƙaunarsa.

Da aka kira sunan Adam a fili, shi kansa waiwayawa ya yi yana neman wani Adam ɗin. 'Yan Sudan suka ɗauke shi a kafaɗa suka zagaya fili da shi, sababbin zuwa na binsu da kiɗan jarka. Maganar janyewa ta mutu a wurin, ba a sake tayar da ita ba. Faisal kuwa ya cire takalmansa ya fice ba tare da ya kalli kowa ba. Makonni ya yi yana gaida mahaifinsa gaisuwar wajibi kawai, ba ya zama cin abinci da shi. Mahaifiyarsa, Ummu Faisal, ta aiko mini cewa in yi wani abu, gidan ya zama kamar gidan makoki. Ana haka sai ga Faisal ya zo shagona da kansa, ya zauna yana wasa da tef ɗin awo. Ya ce, "Ammu, kowa ya zaɓe ni, ubana ya ƙi ni. Bai taɓa cewa na iya ba, ko sau ɗaya." Na ce, "An gaya maka ƙarshen maganarsa, ba a gaya maka farkonta ba." Na maimaita masa ita kalma da kalma, har da sunan. Ya ce, "Da bakinsa ya ce Faisal?" Na ce da bakinsa, a gaban dattawa. Ya juya fuska wajen bango ya daɗe. Washegari da hantsi Abu Faisal ya zo majalisa yana ta tsokanar kowa, na gane an ci abinci tare.

Yau Faisal da Adam su ke riƙe da gasar nan, kuma ƙungiyoyin sun cakuɗe, ba ka iya cewa wannan ta 'yan wane wuri ce. Adam yana koya wa ƙananan yara tsaron raga, iyaye har daga Sharafiyya suke kawo masa 'ya'yansu.

Allah kuma bai ɗauki ran Abu Faisal ba sai da ya nuna masa ranarsa. Shekarar da masu ƙuri'a suka tsallake masu cin ƙwallo suka ba wani ɗan tsakiya mai tare hanya kyautar gwarzon duniya, irin mutumin da Abu Faisal ya yi shekara da shekaru yana yaƙi dominsa, na san za mu sha kallo. Da hantsi sai ga motar Faisal ta tsaya a bakin layi. Abu Faisal ya fito cikin sabon farin tob, ya sha turare, yana dogara sanda kamar ango. Bayansa Faisal da Adam ɗauke da manyan farantan mutabbak da ma'asub, abincin karin kumallo na 'yan garin. Tun daga bakin layi yake ɗaga murya, "Ina masu wuƙa? Yau ranar masu kiwo ce!" Masu shaguna suka fito suna tafi, har 'yan Yaman da 'yan Indiya da ba su san abin da ake ciki ba suka zo suka ci. Ya sa aka kawo masa kujera tsakiyar layi, ya ce sai na tsaya a gaban jama'a na ce Abu Faisal ya yi gaskiya. Na tsaya. Na ce, "Jama'a, Abu Faisal ya yi nasara yau, ina taya shi murna. Amma wallahi an zalunci mai cin ƙwallo." Wuri ya kaure da dariya. Shi ya fi kowa, har sai da ya share hawaye da gefen gutrarsa, ƙyallen da yake yafawa a ka. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Tun a mota nake tsoro kada ka yarda, in rasa abokin hira."

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi daga baya. Zuwana na ƙarshe asibiti, da yamma, na tarar ya rame ƙwarai amma idanunsa na nan yadda na san su. Faisal na gefen gado yana karanta masa labarin besbol daga waya, ana gardamar ko za a ba wani mai tsugune kyautar gwarzo a bana. Ya ce da ni da ƙyar, "Ka ji? Su ma sun fara hankali." Na ce ni har yau ban gane wasan nan ba. Ya ce ya sani, ya daɗe da yafe mini wannan. Sannan ya sa Faisal ya fita, ya kama hannuna. Ya ce, "Ya Tela, duk ranar da na ɗaga maka murya a gaban mutane, ka yafe mini." Na ce na yafe, ni ma ya yafe mini. Ya ce ya yafe. Ya rufe ido har na ɗauka barci ya yi, sai ya buɗe ɗaya ya ce, "Amma ban janye ko ɗaya ba."

Masallaci bai ɗauki mutanen da suka zo sallarsa ba, sahu ya fita har titi. Na ga dattawan Nuzla, na ga 'yan Sudan, na ga samarin da suka zo ƙasar nan jiya jiya, na ga waɗanda ya sha kayarwa a gardama suna kuka kamar yara. A wurin zaman makoki mutane suka riƙa faɗin abubuwan da ni kaina ban sani ba: wanda ya raka ofis ya tsaya masa da Larabci, wanda ya kai matarsa asibiti a motarsa, wanda ya sasanta da kafilinsa. Bai taɓa kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan majalisa ba, shi da ba ya iya riƙe ra'ayi a ciki ko na minti ɗaya. Da aka zo sa shi a kabari, Faisal ya sauka, ya ɗaga kai ya duba cikin jama'a, ya ce, "Adam, taho." Su biyu suka karɓe shi suka kwantar.

Ya Allah, ga bawanKa Idris ya zo gare Ka. Mun shaida ya tsaya a kan gaskiyar da ya gani ko da ta taɓa jininsa, ya kuma sauka daga kan kuskure da ya gane shi. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa can ta fi masa nan. Ka haɗa shi da iyayensa da kakansa da ya taka ƙasa da ƙafa don ya zo ɗakinKa. Ka ba Ummu Faisal haƙuri da lafiya, Ka rufa mata asiri. Ka riƙa wa Faisal da ƙannensa, Ka haɗa kansu, Ka sa albarka a zuriyarsu, Ka ba su ikon yi masa addu'a har ƙarshen ransu. Mu kuma da ya bari a kan benci, Ka ba mu haƙurin rashinsa, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.